Gidan Baduku a Gindin Dutse

Ni ban gaji gida a Kazaure ba. Mahaifina mutumin ƙauye ne a ƙasar Roni, aikin malamin gona ne ya kawo ni gari 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ni da mai ɗakina da jaririyarmu. Muka zauna a ɗakin aro a gidan wani ɗan kasuwa, inda ko tari ka yi sai an tambaye ka dalili. Ni kuwa zuciyata a kusa take, ban iya zaman alfarma ba. In na dawo rangadi daga Gwiwa ko Babura a kan keke, ƙugu ya ƙage, na tarar an matsar mana da murhu, sai in kwana ina tsaki. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar ƙofar da zan ce tawa ce.

Limamin unguwarmu ne ya gaya mani wani tsohon baduku zai sayar da gidansa. Na je na gani. Gidan ƙasa ne a gindin dutse, zaure ɗaya da ɗakuna biyu, dutsen ya tsaya masa ta baya kamar katanga, ko'ina warin jima. Tsohon ba shi da ɗa namiji, 'yarsa ɗaya tana aure a Gwiwa. Gabas za shi, shi da matarsa, ta ƙasa, yadda ake tafiya hajji a da: a hau mota in an samu, a taka in ba a samu ba, a tsaya a yi ƙwadago in guzuri ya ƙare.

Na ce, "Baba, in kun dawo fa, ina za ku sauka?"

Ya ce, "Ɗana, wanda zai dawo ba ya sayar da gida. Na roƙi Allah ya bar ni can."

Aka yi ciniki gaban mai unguwa da liman, aka shafa fatiha. Ya raba kayan aikinsa, ya bi gida-gida yana neman gafara, mata na kuka. Ran tafiya unguwa ta fito ta raka shi tasha. Ni na ɗaukar masa ƙunshin kaya, kuma gaskiya ina cikin masu sauri.

Shekaru suka shuɗe. Aka yi yaƙi aka gama, fam ya tafi naira ta zo, kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai kowa ya haukace. Wanda bai taɓa hawa jaki ba ya sayi babur. Ni ma ban tsira ba. Na rushe ɗakunan tsohon, na tayar da na bulo, na rufa kwano mai ƙyalli wanda in rana ta take sai mu gudu inuwar katanga. Zauren kaɗai na bari, ba don wata hikima ba, aljihu ne ya gaza kafin a kai kansa. Har hajji na je, a jirgin sama, na dawo da haƙorin Makka, aka shiga ce mani Alhaji. A can na riƙa duba fuskokin tsofaffin mutanenmu da suka zauna, ko zan gan shi. Ban gan shi ba. Na ce a raina Allah ya amsa masa, na yi masa addu'a, na dawo gidana.

Wata rana da rani na dawo daga Babura, ko babur ɗin bai huce ba, mai ɗakina ta tare ni a tsakar gida.

Ta ce, "Alhaji, akwai wani mutum da ke hawa dutsen nan kullum bayan la'asar, ya zauna ya zuba wa gidan nan ido. Mun daina daka a fili. 'Yan matan nan ko tsifar kai ba sa iya yi sai a ɗaki."

Wanda bai zauna gindin dutse ba ba zai gane nauyin maganar ba. A unguwarmu baligi ba ya hawa ta gefen da ke kallon gidaje. Ko akuyarka ce ta maƙale a sama, sai ka tsaya ka ɗaga murya ka ce za a hau, mata su shige, sannan ka hau kanka a sunkuye. Katanga ba ta da amfani in mutum yana bisa kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, wallahi gobe sai ya gaya mani wanda ya haife shi.

Washegari da la'asar na leƙa, ga shi can, ɗan fari-fari a kan falalen dutse. Ban ma tsaya neman hanya ba, na kama ta bayan katangata kai tsaye. Kai, ban san na tsufa ba sai ran nan. Takalmin ofis ya fara zame mani, na tuɓe na cusa a aljihu. Na tattare riga na ɗaure a ƙugu. Dutsen ya sha rana, tafin ƙafata da ya saba da safa ya shiga raɗaɗi. Akwai wani tsagi da dole sai ka sa baya a gefe ɗaya, ƙafafu a ɗaya gefen, ka riƙa tura kanka sama, a nan tumbin da kuɗin mai ya ajiye mani ya nuna mani halinsa. Na kuje gwiwa, ƙaya ta kama mani hula na bar mata. Da na waiwaya ƙasa sai da na yi salati, don kwanon gidana ya koma kamar faifai. Duk da haka ban daina shirya zagi a raina ba, ina jera su, wanda zan fara da shi da wanda zan rufe. Da na isa sama ko numfashin sallama ba ni da shi.

Wani tsoho ne a zaune, ƙashi da fata, cikin jallabiyar da ta daɗe da barin fari, carbi a hannu.

Ya ce, "Sannu da hawa, ɗana. Ai ba ta nan ake hawa ba. Akwai hanya ta baya, har tsofaffin mata na bi su yi itace."

Muryar na gane kafin fuskar. Badukun ne. Abin da ya fara zuwa mani shi ne gidan: ya dawo ke nan, zai ce a warware ciniki, za mu je gaban mai unguwa, mutane za su ce tsoho ne a tausaya masa, ni kuwa na zuba ƙarfina na shekaru a wurin. Na durƙusa na gaishe shi, amma a raina na riga na fara kare kaina.

Ya ba ni labari a taƙaice, kamar labarin wani. Sun daɗe a hanya. Sun yi tsinkar auduga a Sudan, a can matarsa ta rasu. Ya ƙarasa shi kaɗai, ya yi hajji ya sake yi, ya zauna yana ɗinkin takalma yana jiran ajali, ajali bai zo ba. Sai wata shekara aka tattara marasa takarda, shi yana ciki, aka zuba su a jirgi. Ya ce, "Hanyar da ta cinye mani ƙarfi da mata, ko yunwa ban ji ba aka ce ga Kano." Tun da ya iso yana kwana a zauren wani masallaci kusa da tasha, inda gari ya cika da baƙi ba mai tambayar wani.

Na ce, "Baba, me ya hana ku shigowa unguwa?"

Ya ce, "Da wane ido? Na nemi gafara, an yi mani kuka, an raka ni. Sai in dawo in ce a sake?"

"To 'yarku a Gwiwa fa?"

"Ka taɓa ganin namiji ya tare a gidan surukinsa?"

Daga nan sama ana ganin gari duka, rabinsa ƙasa rabinsa kwano, da motocin Daura suna wucewa. Ni da na je na dawo a 'yan makonni ake kira Alhaji, shi da ya ba da gida da mata yana ɓuya a tasha. Abin ya tsaya mani a rai, har na yi masa tambayar da ba ta kamata ba, na ce ko yana jin an ƙi shi ne.

Ya ce, "Na ji, ba zan ɓoye maka ba. Na daɗe ina tambayar kaina me na yi da ƙasar can ta ƙi karɓata. Amma ai an ce inda aka ɗebi ƙasar mutum nan ake mayar da shi. Tawa a nan aka ɗeba. Na so in zaɓa wa Allah ne, shi kuwa ba a zaɓa masa."

Na ce ya zo ya zauna a zaure. Bakina ne ya faɗa, zuciyata tana baya tana jan ƙafa. Ya girgiza kai.

"Ciniki ya faɗa, an shafa fatiha, ba zan lashe amaina ba. Kuma ka ba iyalinka haƙuri, idona ba ya rarrabe mutum daga nan, ƙyallin kwanonka kaɗai nake gani. Zauren nake nema, in ga ko yana nan. Abu ɗaya zan roƙe ka, ka ara mani ƙofa. In na mutu, kada a ɗauke ni daga tasha kamar baƙon da ba a san garinsu ba. A wanke ni a gidan nan, a fitar da ni ta ƙofar zauren. Ta nan aka fitar da ubana, ta nan aka fitar da kakana."

Na hau dutsen da shirin faɗa a kan gida guda, mutumin ƙofa yake so, ita ma na fita ɗaya. Tausayi ya kama ni har idona ya ciko. Na ce, "Na yi alkawari, Baba." Muka sauko ta hanyar tsofaffin matan, wai ni ne nake riƙe da hannunsa, alhali shi yake gaya mani inda zan sa ƙafa.

Da na gaya wa mai ɗakina, sai ta ce, "Shi ke nan abin da ya roƙa, kai kuma ka baro shi ya koma tasha? Ku maza dai sai a hankali." Tun daga ranar tuwonsa bai yanke ba. A hankali ya yarda ya riƙa zuwa zauren da rana, yana gyara wa mutane takalma da kayan aron da wani tsohon almajirinsa na sana'a ya kawo masa. Sauran tsofaffin unguwa suka ji, suka zo, aka yi kuka aka yi dariya, ba wanda ya ce masa don me ka dawo. Amma kwana, ƙememe ya ƙi. Da an kira magariba zai naɗe buzunsa ya kama hanyar tasha. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na taɓa ɓoye masa sanda. Ya tafi ba sandan. A taurin kai na samu wanda ya fi ni.

Da damina ta kama, aiki ya kai ni ƙauyukan Babura rabon takin zamani, na kwana can. Da na dawo da hantsi, tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidana. Ashe bayan sallar asuba tsohon ya cika, a masallacin tasha. Mutanen wurin sun fara shawarar yi masa sutura a can, labari ya iso unguwa, mai ɗakina ba ta jira ni ba, ta aika wa liman ta ce a kawo shi gida. Ita ta dafa ruwan wanka. Ta buɗe akwatina ta ɗauko likkafanin da na sayo wa kaina a Makka, wanda na wanke da zamzam, ta bayar. Da na shiga ta dube ni ta ce, "Ka sayi wani." Na ce to.

Aka jira 'yarsa ta iso daga Gwiwa ta gan shi. Ina cikin masu ɗaukar makara, ta gaba. Ƙofar zauren ƙarama ce, irin ta mutanen da, sai da muka rusuna muka ɗan karkata, kafaɗata ta goge bango. Bai da nauyi ko kaɗan.

A waje ana daidaita sahu sai wani mai wucewa, baƙo ne da alama, ya jingine kekensa don ya samu ladan sallar. Ya tambaya a hankali wa ya rasu. Liman ya ce, "Mai gidan nan ne." Mutum biyu uku suka waiwayo suka dube ni. Na ce haka ne, na shiga sahu.