Kaset ɗin Iya

A gidanmu na Kusfa, kakata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa kiran sunan babana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar dā ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta kam. In ya shigo gaishe ta da safe sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. In maganarsa ta taso sai ta ce "wancan". Baba ya haura hamsin, manyan mutane na ɗaukar karatu a zaurensa, amma a ƙofar ɗakinta kullum kamar baƙo yake.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, can wani gari mai nisa, ina karanta Turanci. Shekara uku muna haddace waƙoƙin mutanen da ba su san da zamanmu ba, a kan furannin da ban taɓa gani ba. Da aka zo aikin kammala digiri, malamin da ke duba ni ya ce in je gida in naɗo waƙoƙin mata, in fassara, in yi nazari. Har murna na yi.

Na zo hutu da rikoda ta aro. Iya ta dube ta, ta dube ni.

"Muryata a cikin akwati, maza su ji? Ke dai boko ya cinye miki kunya."

Mako guda ina lallashi. Ran nan Baba ya tafi ta'aziyya Gyallesu, sai ta kira ni bayan ɗaki inda aka jingine dutsen niƙa tun zuwan inji. Ta ce ita ba ta iya waƙa hannu sake, in kawo gero. Ta durƙusa tana niƙa, waƙoƙin na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ban taɓa jin ta ba. A kan yaron da ta haifa da damina ce, yadda take leƙensa ta jikin zana in zai tafi makaranta, yadda take ɓoye masa ƙanzo ta ba wata ta miƙa masa don kada a ce ita ce. A cikin waƙar ta kira sunan Baba, har sau uku.

Da ta gama ta share fuska da gefen zane ta ce, "Kada namiji ya ji wannan ina raye. Ran da na mutu, ki ba wancan." Na ce na yi alkawari.

Saboda alkawarin ne ban kai kaset ɗin a kwafa mini ba, don mai kwafin namiji ne, dole ya ji. Guda ɗaya tal na koma da shi makaranta.

Malamin ya karanta fassarata ya yaba, sannan ya miƙo hannu in ba shi kaset. Na yi masa bayanin amanar da ke kaina. Ya yi dariya.

"Ba kaset, ba maki. Ta yaya za mu san ba ƙirƙira kika yi ba? Tsohuwa tana can cikin birni, wa zai gaya mata?"

Na ba shi. Ya kuma ce in cire Hausar daga aikin, wai nan sashen Turanci ne, kaset ya wadatar. Inda sunan Baba yake ya soke da jan biro, ya sa "ɗana" da Turanci, wai mai karatu ba ruwansa da suna. Ranar kare aikin maza biyar suka zauna aka kunna musu Iya. Ɗaya yana ɓare gyaɗa. Ba su ma bari ta kai ƙarshe ba suka kashe, suka shiga gardama a kan ra'ayin wani masani. Na samu maki mai kyau. Kaset kuwa aka ce sai mai jarrabawa na waje ya gani, in dawo daga baya.

Ina jin haushinsu har yau, amma haushin kaina ya fi. Na hana mai kwafi ɗaya ji, na kai wa biyar da hannuna.

Ina bautar ƙasa Iya ta rasu. Ana gama addu'ar bakwai na hau mota, na koma jami'a karɓo kaset ɗin. Mai kula da ɗakin koyon furuci ya yi ta tone-tone a kwali har ya zaro shi, ga rubutuna a jiki. Ya kunna. Muryar wani Bature ce ta fito, yana maimaita kalmomi a hankali don 'yan shekarar farko.

"Ai ba a sayo mana sababbi," in ji shi. "Tsofaffin muke naɗa a kai."

Na dawo na sami Baba shi kaɗai a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba. Na buɗe aikin nawa mai bango baƙi, ina karanta Turancin ina mayar masa da shi Hausa, ina haɗawa da abin da na tuna. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na kai wurin ƙanzon ya ce, "Ashe ita ce."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Kin ce ta kira sunana?"

"Ta kira, Baba. Sau uku."

"Yaya ta faɗe shi?"

Na buɗe baki, amma ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ko na kira, ba muryata yake tambaya ba. Na dubi takardar, babu komai a wurin sai abin da malamin ya sa. Baba ya jira ni, ya jira. Da ya ga ba abin da zai fito sai ya jawo butarsa ya ce in shiga ciki, magariba ta kusa.