Ranar da na ci tuwo a gaban surukina

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na samu aikin malanta a wani ofis a Makarfi. Wallahi kaina ya kumbura! Na ga manyanmu suna karyawa da shayi da ƙwai, sai na yanke wa kaina hukunci cewa tuwo abincin ƙauyawa ne, ba abin da yake yi sai ajiye tumbi. Na daina tuwo, na daina fura, ko koko ban yarda ba. Ƙwai, tsire, shayi, shi ke nan. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Ta ce in ci ƙwan nawa ba wanda ya hana ni, amma in ɗora shi a kan hatsi. Na ce mata ilimi ne, ba za ta gane ba.

A lokacin ina neman wata yarinya a Likoro. Tana sona, amma mahaifinta ya ƙi cewa komai, wai bai ga alamar ɗan boko zai iya cika rumbu ba. Da damina ta kankama sai ya kira gayyar huɗar dawa. Kowa ya san ranar zai auna ni. In na ji kunya a gonar nan, maganar aure ta mutu.

Kai, ranar ta yi daɗi! Ganga na tashi, samari sun jeru da garemani, mai kiɗa har ya sako ni a waƙa. Na zabura kamar ɗan maraƙi, na wuce kowa. Wani abokina yana ta ce mini in yi a hankali, ni kuwa ina ta zuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi idona ya yi duhu. Sai ji na yi ina kwance rub da ciki, bakina cike da ƙasa.

Aka ja ni gindin ɗorawa, daidai lokacin mata sun kawo abinci. Abokina ya ɗura mini fura da nono, na ji ta tana sauka har yatsun ƙafata. Sai ƙamshin tuwon dawa da miyar kuka mai wake ya buge ni. Kun dai san mai neman aure ba ya cin abinci a gaban suruki. To ni na manta! Na jawo akushi, na tashi da malmala uku, ina ɗagowa sai ga tsohon tsaye a kaina. Na so ƙasa ta tsage.

Samari suka fashe da dariya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu.

"Ku bar shi ya ci. An ce mini yaron nan ya raina hatsi, shi ya sa na yi shiru. Yanzu na ga shi da hatsin sun shirya."

Na miƙe na ɗauki garmata, ganga ta biyo ni. Ni ne na ƙarshen gamawa, amma na gama, ina ihu kamar na zo na ɗaya.

Tun daga ranar na gane hatsi ne ke riƙe mutum a tsaye. Wake da ganye da nono da ɗan nama kowa da aikinsa, kuma tuwo shi kaɗai ba ya isa, amma ba a fita aiki babu shi. Yarinyar nan yanzu ta yi furfura a ɗakina. Har yau in ta ajiye mini tuwo sai ta tambaya, "Malam, ko shayi za a dafa?"