Ban Ruwa a Filin Tseren Motoci

Wautata ba ta ɓoyuwa: har yau ina yi wa filin tseren motoci ban ruwa. Aikina ke nan a da, can bayan gari a hanyar Yanbu ta ƙasar Saudiyya. Kafin samari su sako motocinsu da aka sauya wa inji, nakan zagaya da tankar ruwa don ƙura ta kwanta. Yanzu tseren ya koma wasan cikin waya, amma duk Juma'a bayan la'asar sai na je, ko samarin za su dawo. Ciyawa ce ta fito. Wani makiyayi ɗan Sudan yakan kawo awakinsa, mu sha shayi. Rannan ya dubi awakin ya ce, "Ya Hajji, 'yan kallonka na yanzu sun fi ladabi."