Sijan a Hannun Baba

Abin da na fara gani da muka isa Abhur, safiyar Asabar ta farkon hutun sanyi, ina aji huɗu, shi ne ƙafar mai kwale-kwalen: gishiri ya bushe a kanta fari fat, babban yatsan babu farce. Ban kalli fuskarsa ba, don a lokacin ba na iya haɗa ido da baƙo. Abhur mashigin teku ne da ya kutso cikin gari kamar kogi, tun zamanin kakanni mutanen Jidda suke zuwa can shan iska da kamun kifi. Baba kuwa ɗan Yauri ne, jikan masunta, aikin ɗibar jini a wani asibiti ya kawo shi. Tun daga unguwarmu ta Safa yake ba mu labarin kogi a mota, har Mama ta gaji ta ce ita a inuwa za ta zauna.

Mai jirgin, Ammu Sale, Bahaushe ne haifaffen unguwar Hindawiyya a nan Jidda. Baba ya gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci, wai shi bai iya Hausa ba. Da Baba ya ce shi ma ɗan ruwa ne, sai ya taɓe baki ya ce, "Ruwan da ake wanki a ciki? Yalla, ku shiga."

Muka yi nisa, ya kashe inji. Ina zaune kusa da filas ɗin shayinsa, ina kallon igiyar fatsa tana rawa. Can Baba ya jawo wani kifi mai launin toka, bayansa duk ƙaya. Na ga Ammu Sale ya buɗe baki, ya sake rufewa, gefen leɓensa ya ɗaga. Baba ya cafki kifin ta baya, yadda ake kama karfasa a gida, ƙaya ta soke shi. Bai yi ihu ba, ya dai zauna daɓas, gumi ya keto masa. "Sijan ke nan," in ji Ammu Sale. "Dafi gare shi. Ai na ɗauka ɗan ruwa ya sani."

Hannun dama ne, hannun allura. Washegari akwai aiki, ga iƙamarsa, takardar izinin zama, tana wurin kafili, wato ubangidansa, ba a sabunta ba, kuma mun sha jin yadda ake sallamar wanda ya fiye fashi. Yatsun suna kumbura a idona. Ammu Sale ya tsiyaya shayi yana cewa ruwan zafi ne maganinsa, idan mun kai gaɓa ma nema. Ban san lokacin da na rungumo filas ɗin ba. Na juye shayin duka a gwangwanin da ake kwarfe ruwa, na tura hannun Baba a ciki. Mutumin ya zage ni da Hausa mai kyau, wadda ya ce bai iya ba.

Kumburin ya sauka, Baba ya je aiki da bandeji, amma bai ƙara yi mana labarin kogi ba. Yanzu an ƙawata bakin Abhur, ƙawayena suna zuwa duk hutu, ni ko hanyar ba na son bi. Ba dafin nake riƙe da shi ba, bakin nan da aka buɗe aka rufe ne. Bara, muna haɗa kayan tafiya gida, na riƙe hannun nan na dama na ce, "Baba, ka kai ni Yauri. Ka kama min kifi ina kallo."