Karkataccen Tauraro a Ƙirjin Kawu Vendel

Makon jiya na kai furanni kabarin mijina, sai na tarar 'ya'yan Kawu Vendel Porkoláb sun kafa masa dutse, har da hoto a manne. Na duƙa na duba da kyau, na gane hoton. Shekara arba'in katangarmu ɗaya da mutumin nan, don haka gara ni in ba da labarinsa. Fada ya riga ya ba da nasa a coci, amma shi Fada ba ya leƙen katanga.

Ni ce Boriska mai gasassun 'ya'yan kabewa a ƙofar silima. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran karatuna a bakin titi na yi shi.

Vendel mai keken doki ne tun yana saurayi. Itace, gawayi, aladu, amarya, gawa, babu wanda bai ɗauka ba. Bai taɓa dukan doki ba, wannan kam na shaide shi. Gashin bakinsa da kitse yake murza shi, ranar Lahadi kuma shi ne mai babbar murya a coci. Sai dai duk abin da ya shiga gidansa da sunan aro ko ajiya ya shiga ke nan. Tsanina yana can har yau.

A shekarar arba'in da huɗu, ana cikin yaƙin duniya na biyu, farkon Afrilu, aka ce kowane Bayahude ya ɗinka tauraro rawaya a ƙirji. Gidan da ke kallon namu na Lipót Róth ne, mai kantin ƙusa da fitilu, su shida a gidan. Da zafi ya fara shigowa jandarmomi suka ce su shirya, ƙunshi ɗaya kowa. Da yamma na ga Lipót ya tsallako titi rungume da babban kwat ɗinsa na sanyi, baƙi, mai fatar ɗan rago a wuya. Ya miƙa wa Vendel, ya ce ya ajiye masa zuwa lokacin sanyi. Washegari Vendel ɗin ne ya kai su tasha a kekensa, inda jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa sansanin mutuwa. Ya ce umarni aka ba shi, kuma gaskiya ne an ba shi. Amma fiton da na ji yana yi a hanyar dawowa, wannan ba wanda ya umarce shi.

Cikin su shida Aranka 'yar Lipót kaɗai ta dawo, 'yar shekara goma sha biyar, kai a aske, ƙafa kamar sillen kara. Ta ƙwanƙwasa ƙofar Vendel ta tambayi kwat ɗin babanta, don gidansu ko cokali ba a bari ba. Ya dafa ƙirji ya rantse sojojin Rasha sun tafi da shi. Matarsa Rozi tana bayansa tana ƙirga tayil ɗin ƙasa da ido. Aranka ta yi godiya ta juya. Ta samu aiki a gidan waya, tana sayar da kan sarki, tana gaida shi kullum da Kawu Vendel kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

Bayan shekara ashirin sai ga masu shirya fim daga Budapest, wai za su yi fim a kan kwashe Yahudawa, dandalinmu ne ya yi musu don ba a taɓa gyara shi ba. Suka nemi mutanen da za su cika taro, suka ce wanda ya zo da tsofaffin tufafinsa za a sa shi a gaba. Rabin gari ya fito. Mutanen da na gani da idona suna rububin matasan kai a gidan Róth, su ne aka manna wa taurari suna langaɓe kai. Vendel kuwa har da kekensa ya bayar, aka ɗora shi a baya wani ya tuƙa. Ni ranar ina jinyar mijina, ban ga me ya sa a jikinsa ba. Abin da na sani, da safe ya leƙo katanga ya ari albasa.

Hotunan tallan fim ɗin suka iso a watan Yuni na shekarar da ta biyo, manajan silima ya jera takwas a akwatin gilashin da ke saman kaina. Na uku Vendel ne a kan keke, hannu a ciki, ido a sama, hawaye shaɓe-shaɓe. Albasata ta yi aiki. Daga ranar ya bar doki da yunwa, ya dawo tsayuwa a gefen akwatin, yana ɗaga ido sama don masu wucewa su gane shi.

Na ce, “Kawu Vendel, ashe kai ma an kwashe ka? Da na ji ka dawo kana fito ban san daga can kake ba.”

Ya ce bakina zai kai ni wuta, kuma jahili bai san fasaha ba. Ya ƙara da cewa matar da ke kula da tufafin fim ta yaba masa fiye da kowa, don da ta zo ɗinka masa tauraro ta tarar da sawun allura a ƙirjin kwat ɗin, ta bi shi kawai. Ya faɗi wannan yana murza gashin baki.

Aranka ba ta kallon akwatin nan, ta ɗaya gefen titi ma take bi. Amma ranar Laraba ana gyaran famfo a can, dole ta biyo ta gabana. Ta tsaya. Ta daɗe har na miƙa mata kujerata, ba ta zauna ba. Ta nuna min tauraron da ke ƙirjin Vendel, a karkace yake, tsini ɗaya ya nufi hammata. Ta ce ita ta ɗinka na asalin tana shekara sha huɗu, da zare riɓi biyu, babanta ya duba madubi ya yi dariya ya ce tauraron nasa ya sha giya. Ta ce ba ta da hotonsa, ba shi da kabari, kwat ɗin take so.

Ta je ta samu Vendel a gida. Ya sake dafa ƙirji, ya ce na kamfanin fim ne, sun koma da abinsu Budapest.

To, ni ba ni da ƙarfi ba ni da lauya, baki gare ni. Washegari na ce masa gari ya ɗauka ba shi ne a hoton ba, wai wani ɗan wasa ne mai kama da shi. Ranar Juma'a na ce mahauci ya ce Vendel ɗin da ya sani bai taɓa mallakar kwat mai fatar rago ba. Ranar Asabar na ce kada ya damu, ni na yarda da shi, ko da ni kaɗai ce. Ya tafi yana huci kamar dokinsa.

Lahadi da ƙarfe uku za a fara nuna fim ɗin, layi har bakin kantin burodi, rana kamar ta fasa kai. Sai ga Vendel cikin kwat, maɓalli har wuya, gumi na ɗiga daga gashin baki. Ya tsaya a ƙarƙashin hotonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Aranka ta fito daga bayan tebur ɗina. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kawu Vendel, Baba ya ce ka ajiye zuwa lokacin sanyi. An yi sanyi ashirin da ɗaya.”

Ta sa yatsa ta bi ramukan allurar a ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya, tsini shida, ɗaya ya nufi hammata. Na juya in ga mutanen layi. Kowa ya samu abin kallo a takalminsa, don da yawansu akwai tukunya ko agogon bango a gida da ba sa son a tambayi asalinsa.

Vendel ya kalli hagu ya kalli dama, ya shiga ɓalle maɓalli. Ya cire ya miƙa mata, ya ce, “Duba da kyau, ko asu ɗaya bai taɓa shi ba. Kowace shekara sai na sa masa kafur. Ba ko godiya?”

Ba ta karɓa daga hannunsa ba, ni na karɓa. Jiƙe yake sharkaf, warin gumi da doki da barasar palinka da kafur. Na naɗe shi a tsummana na raka ta gida, na bar tire ba mai tsaro. Shi kuwa ya shige silima da 'yar shara. An ce da fuskarsa ta fito ya miƙe tsaye, mutane suka tafa masa, mata suka fito suna sharar hawaye suna cewa fim ɗin ya taɓa zuciya.

Kwana tara kwat ɗin yana kan igiya a tsakar gidan Aranka kafin ta yarda ya shiga ɗaki. Yana rataye a bayan ƙofarta yanzu, ramukan allurar suna nan ba ta taɓa su ba.

Vendel ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana ba da labarin ranar da ya yi fim. Manaja ya ba shi hoton, ya sa a firam a saman gadonsa. Da ya mutu 'ya'yansa suka duba duk hotunansa, suka ce wannan ne kaɗai ya fito da kamar mutumin kirki. Suka sa aka yanke shi daga ƙasan wuya aka manna a dutse.

Na gaya wa Aranka a gidan waya. Ta tambaya ko tauraron ya fito. Na ce an yanke shi, amma fatar ragon tana nan zagaye da wuyansa. Ta buga hatimi a kan wasiƙar da ke gabanta, ta ce ita ba ta bi ta maƙabartar nan dama.

Ni ina bi. Jiya na koma da 'ya'yan kabewa cike da aljihu, na tsaya a gaban hoton na cinye su tas, ɓawon kuma na bar masa ajiya.