Hikmat da Shafin da Ke Ɓacewa

Ina jiran a yanko mini yadi a wani shago a Kantin Kwari, idona na kan wata matashiya da ke zaune bisa dilar atamfa, kwamfuta a cinya. Tabarau ya zamo mata har karan hanci. Tana cikin rubutu sai shafin ya ɓace. Ta buɗe, ya ɗan jima, ya sake ɓacewa.

"Hikmat, ba ki gaji ba?" in ji mai shagon, da alama mahaifiyarta ce.

"Mama, aikin yana kan wata kwamfuta ce a Legas, ta intanet nake shiga. Gobe za su karɓa, ga shi manhajar rubutun sai mutuwa take."

Abin mamaki, ta bar rubutun, yanzu da gangan take neman kashe manhajar. Ta faɗaɗa shafin, ba abin da ya faru. Ta kwafo dogon layi ta liƙa, ɓat! Ta maimaita, ɓat! Sai murmushi ya suɓuce mata. Ina jin tun tana ƙarama take kwance rediyon gidansu.

"Na kama ki," ta ce wa allon a hankali.