Ƙonar Yaya Idi ta yi kore

Bana shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Idi. Ni ce ƙanwarsa da ta fi kowa yi masa faɗa, don haka ni ya kamata in faɗi wannan.

A ƙauyenmu, tsakanin Tsarnawa da Illela, akwai makiyayar da ake kira Ƙonar Idi. Shi ya ƙone ta. Wata kaka ya je shan zuma, ya bar bakin wuta a gindin kuka, iska ta ɗauka. Kafin la'asar ciyawar da dabbobin gari ke dogara da ita har damina ta zama toka. Ba wanda ya zage shi. Sai dai in ya shiga masallaci, a amsa sallamarsa ba a dube shi ba. Wallahi na ji kunya, har na ce masa ya tafi Ƙonni ya nemi dako.

Ya ce, "Haɗiza, in na tafi, sunan nan wa zan bar ma? Ɗiyana?"

Da ruwa ya sauka wurin ya yi kore, muka yi murna. Ashe garmani ne, ciyawar da ko akuya ba ta kula ta. Yaya ya shiga tuge ta, amma ya makara, ta riga ta yi iri. Ya tara ta tsibi-tsibi, sai ga shi baɗi ta ninka. Kai, ranar na yi masa dariya har da hawaye, ina cewa da ya ƙona daji, yanzu kuma yana noman garmani! Daga nan yake tuge ta tun ba ta yi fure ba.

Inda ya share, sai ya dasa saiwar gamba da yake ɗaukowa a jaki daga bakin fadama. Gawo kuwa dabara ya yi masa. Ya lura 'ya'yan gawo sun fi tsirowa in sun bi ta cikin akuya, sai ya riƙa ciyar da awakina da su, yana kwashe kashinsu yana binnewa rami-rami. Kowane tsiro ya kewaye shi da ƙaya. Mutane suka ce ya taɓu. Ni ma na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Da ya rasu, gawonsa ba su wuce ƙugu ba. Bai taɓa zama a inuwarsu ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Da zai ga wurin yanzu, na san ba inuwar zai fara duba ba. Zai sunkuya ya tuge garmanin da ya fito a bakin hanya, ya yi tsaki, ya tambayi wa ya bar ta. Amma gamba ta fi mutum tsawo, da ita ake saƙa zanan gari. Shanun makiyaya suna cin 'ya'yan gawo da rani. Matan da suka daina gaishe shi, 'ya'yansu ke fita tugar garmani duk farkon damina.

Sunan dai bai canza ba. Watan jiya na bi ta wurin da jikarsa Rabi, ta tsaya tana kallon itatuwa, ta ce, "Kaka, don mi ake ce ma nan Ƙona? Ina abin da ya ƙone?"

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ko alamar ƙonar ba ta gani ba.